Huhun Ma'aikaci Amana Ne

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya hura mana rai, Ya shimfiɗa iska kyauta ga mai kuɗi da talaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, nasiharmu ta yau a kan ƙura ce. Na san wani zai ce malam ya rasa abin wa'azi, ga riba, ga zina, ga cin amana sun cika gari, sai ƙura? Ku dai saurara. Ƙurar da nake nufi ba irin ta hunturu ba ce, wadda ke sa fuska furu-furu, a wanke ta wuce. Wannan ƙurar, ido ba ya ganinta, sau da yawa hanci ma ba ya jin ta, amma tana iya kwantar da magidanci, ta mayar da 'ya'yansa marayu. Kuma maganarta maganar cin amana ce, domin mafi yawan waɗanda take kamawa a bakin neman halali take samunsu, a ƙarƙashin wani mai gida da Allah zai tambaya.

Tsakanin 2007 da 2008 an kwantar da mata bakwai a asibitin Chaoyang da ke Beijin, babban birnin ƙasar Sin. Ƙaramarsu shekararta 18, babbarsu 47. Ciwo ɗaya ya kawo su: numfashi na sarƙewa, ruwa na taruwa a kewayen huhu, a zuƙe ya sake taruwa. Da likitoci suka bi sawu sai suka tarar a ɗaki ɗaya suke aiki, a wata masana'anta inda inji ke fesa wani farin sinadari a kan alluna, sannan a gasa allunan su bushe. Ɗakin murabba'in mita 70 ne, ƙofa ɗaya, ba taga. Na'urar da ke zuƙe hayaƙi ta lalace watanni kafin su fara ciwo, ba a gyara ba. Sanyi ya sa ana rufe ƙofa. Abin da suke ɗaurawa a hanci, in ma sun ɗaura, ɗan ƙyallen auduga ne. Wadda ta fi daɗewa a cikinsu wata 13 ta yi a wurin, wata kuwa wata 5 kacal. Biyu suka rasu, sauran suka tashi da huhu mai tabo.

Da aka duba naman huhunsu da ruwan da aka zuƙo a ƙarƙashin madubin lantarki, sai ga ƙwayoyi masu faɗin kimanin nanomita 30 sun kutsa can ciki. An buga rahoton a 2009, masana suka yi saɓani a kansa. Wasu sun ɗora laifin a kan ƙwayoyin nan, wasu suka ce ɗakin cike yake da wasu gubobin, ba a kuma auna iskarsa ba, don haka ba za a ware abu guda a ce shi ne ba. Mu bar masana da muhawararsu. Abin da ba wanda ya musanta shi ne na'ura ta mutu, akwai mai alhakin gyara ta, bai gyara ba, aka ci gaba da aiki.

Mene ne nanomita? Ku ɗauki rular 'yan makaranta, ku dubi tsakanin ƙananan layuka biyu, milimita ɗaya ke nan. Ku raba shi gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin silin gashin mutum ya kai nanomita 80,000 ko kusa da haka. Abin da masana ke kira ƙwayar nano kuwa daga nanomita 1 ne zuwa 100. A yau manyan masana'antu a Sin da Amurka da Turai da Japan suna ƙera irin waɗannan ƙwayoyi da gangan: farin garin titaniyom a fenti da man kare fata daga rana, baƙin kabon a tayar mota, garin azurfa a bandejin ciwo, siraran bututun kabon a batir. Akwai alheri mai yawa a ciki, kuma ba haramta ilimi na zo yi ba. Wanda ya sayi kayan bayan ƙwayoyin sun daskare a cikin roba ko fenti, haɗarinsa kaɗan ne. Abin tsoro yana wurin wanda ya buɗe buhun garin, ya auna, ya zuba, ya gauraya, ya fesa, ya goge, ya share ɗakin da yamma.

Me ya sa ƙanƙanta ta zama haɗari? Matan gida sun riga mu sanin amsar. Buhun barkono yana jingine a ɗaki wata da watanni ba wanda ya yi atishawa, amma ran da aka zuba mudu ɗaya a turmi, har maƙwabta sai sun yi tari. Barkonon bai canza ba, daka ce ta fito da abin da ke ɓoye, ta kuma ba shi fiffike. A lissafi, ɗan dunƙule mai santimita ɗaya ta kowane ɓangare, jikinsa na waje murabba'in santimita 6 ne. In aka farfasa shi zuwa ƙwayoyi masu nanomita 10, jikin da zai taɓa naman mutum ya zama murabba'in mita 600, ya fi fuloti guda. Sai dai barkono yana da kirki, yana yi maka gargaɗi ka gudu. Wannan kuwa shiru take shiga.

Allah cikin hikimarsa Ya sanya wa ƙirji masu gadi. Gashin hanci yana tare manyan ƙura. Majina tana kama matsakaita, wasu siraran gashi a maƙogwaro su turo ta sama, mutum ya yi kaki ya tofar. Abin da ya tsallake ya isa can ƙasa, inda ɗaruruwan miliyoyin 'yan jakunkunan iska ke haɗuwa da jini, akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu haɗiye datti. Amma ƙwayar nano takan zille wa masu gadin nan, ko ta yi musu yawa. A 2017 masu bincike a Edinbara ta ƙasar Sikotlan sun sa masu sa-kai sun shaƙi ƙwayoyin zinare na nano. Cikin awa 24 aka same su a jini da fitsari, bayan wata uku ma ba su gama fita ba. Tun 2004 kuma, a jami'ar Rocesta ta Amurka, an nuna a jikin ɓeraye cewa irin wannan ƙura tana iya bin jijiyar sansana daga hanci ta isa ƙwaƙwalwa. Ma'aikaci kuwa, a aikin awa 8, yana jan iskar da ta kai lita 10,000. Duk abin da ke yawo a iskar shago, ƙirjinsa ne matacinsa.

Saboda haka ne hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta raba hukunci a 2011 a kan sinadari guda. Garin titaniyom na yau da kullum ta ce kada ya wuce miligiram 2.4 a kowace mita kubik ta iska, amma in ya kai ƙanƙantar nano kada ya wuce 0.3, wato an rage ninki takwas. A 2013 ta sa wa bututun kabon iyakar maikrogiram 1 kacal, kashi ɗaya cikin dubu na miligiram. Wane ido ne zai ga wannan? Mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, a nan bai sani ba.

Yanzu wani zai ce, malam, wannan ai matsalar Sinawa da Turawa ce, mu ina muka ga masana'antar nano? Gaskiya ne manyan masana'antun suna can. Amma a ɗakunan gwaji na jami'o'inmu ɗalibai suna haɗa ƙwayoyin azurfa da na wasu ƙarafa da ruwan ganyen zogale ko darbejiya, su busar, su niƙa, su auna. Kayan fenti da na feshi da garin injin buga takarda suna shigowa kasuwanninmu daga can. Abin da ya fi wannan kusa da mu, wuta da kanta tana haifar da ƙwayoyin nan ba tare da kowa ya nufa ba. Hayaƙin walda ƙarfe ne da ya narke ya zama tururi, ya huce a iska ya koma ƙwayoyi ƙanana ƙwarai. Hayaƙin injin dizal haka. Hayaƙin wayar lantarki da yara ke ƙonawa don cire jan ƙarfe haka. Duk wanda ya ratsa Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ya san yawan 'yan'uwanmu da abincinsu ke fitowa daga bakin wannan hayaƙi. Cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke Liyon a Faransa, ta sanya hayaƙin dizal a 2012, da hayaƙin walda a 2017, a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu. Mai walda da ya ƙona ƙarfen galbanaiz da rana, dare ya yi zazzaɓi ya rufe shi da rawar sanyi, ya tashi ya sha maganin maleriya, sau da yawa ba sauro ba ne, hayaƙin ne. Sinadarin manganis da ke cikin sandar walda kuma, in ya taru shekara da shekaru, yana iya sa hannu karkarwa, tafiya ta yi nauyi. Ga masu yankan tayil da dutse a bushe: ƙurarsu ta fi ta nano girma, amma ƙofa ɗaya suke shiga, tana daskarar da huhu, tana kuma share wa tarin fuka hanya. Ostareliya, da ta ga samari magina suna faɗuwa, ta haramta aiki da dutsen kicin na haɗi tun daga Yulin 2024.

Na san amsar da ake bayarwa a shago. Mun saba. Allah ne ke tsarewa. In kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi.

Ajali gaskiya ne, wanda ya yi shakkarsa ya taɓa imaninsa. Amma wa ya fi sanin ƙaddara, mu ko Sayyidina Umar? Wata shekara ya kama hanyar Sham, da ya isa Sarg aka ce masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansaru, ya yanke a juya. Abu Ubaida, amintaccen wannan al'umma, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddara ce, ya ba shi misali da makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya fako: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin da ya tabbatar da ra'ayin Umar. Haka kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi tukuna sannan ya dogara. A Suratul Baƙara, aya ta 195, Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Wanda ya tsaya kansa a cikin hayaƙi alhali yana da ikon kaucewa, ya ce tawakkali yake yi, ganganci yake yi ya sa masa rawani.

Kuma ku lura da wani abu. Sau da yawa mai faɗin "Allah ne ke tsarewa" shi ne mai shagon da ke zaune a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, yaro kuwa yana can ƙurya. Shagon nan da yamma kwaɗo uku yake sa masa, ya biya maigadi. Dukiyarsa bai bar wa ƙaddara ba, huhun ɗan mutane ya bar mata.

Uzuri na biyu na masu ilimi ne, kuma ya fi na farko haɗari: ai ba a gama tabbatarwa ba, bincike bai kammala ba. Gaskiya ne akwai nau'o'in ƙwayoyin nano da yawa da ba a gama sanin abin da za su yi wa mutum nan da shekara talatin ba. To amma duniya ta taɓa jin wannan magana. Kun san asbestos, wanda aka yi silin da rufin tsofaffin gidaje da makarantu da shi har a ƙasashenmu. A 1898 wata mai duba masana'antu a Ingila, Lucy Deane, ta rubuta gargaɗi a kan ƙurarsa. A 1924 wata ma'aikaciya mai suna Nellie Kershaw ta mutu a garin Rochdale tana da shekara 33, huhunta cike da shi, kamfanin da take wa aiki ya ƙi biyan diyya. A 1960 likitoci a Afirka ta Kudu suka danganta shi da wata muguwar kansa ta fatar huhu. Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai 1999, shekara ɗari da ɗaya bayan gargaɗin farko, kuma har yau kimanin mutum 5,000 yake kashewa a can duk shekara, domin ciwon yakan yi shekara 20 zuwa 50 yana kwance kafin ya tashi. Dalilin da ya sa na kawo shi: a 2008 aka nuna a jikin ɓeraye cewa dogayen bututun kabon na nano suna yin irin ɓarnar asbestos, saboda siffarsu ɗaya, siririn zare mai tsawo da mai gadin huhu ba ya iya haɗiyewa. A 2014 cibiyar Liyon ta sanya nau'i ɗaya daga cikinsu a jerin abubuwan da ake zargi da jawo kansa. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Malaman usulu sun kafa mana ƙa'ida cewa kawar da ɓarna ana gabatar da shi a kan jawo amfani, kuma tsare rai yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don kiyayewa. Ba a ce sai an ƙirga gawa sannan a buɗe taga ba.

Kada wani ya ɗauka wannan magana baƙuwa ce a addininmu. Ku koma Muhtasar na Shehu Halil, wanda malamanmu na zaure suka haddace. A cikin hukunce-hukuncen maƙwabtaka ya kawo cewa alƙali yana hana mutum tayar da hayaƙi mai cutarwa irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da kafa masussuka a gaban gidan wani saboda ƙaiƙayi. Tushen wannan shi ne hadisin hana cuta da cutarwa, wanda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. A zamanin Salahuddin kuma, Shaizari ya rubuta littafin hisba inda ya wajabta wa masu gidan burodi su ɗaga rufin shagunansu, su buɗe ƙofofi, su yi wa tanda mafita mai faɗi don hayaƙi ya fice. Shekara sama da ɗari takwas ke nan. To in maƙwabcin da ke bayan katanga yana da haƙƙin a kare shi daga ƙaiƙayi, ina ga yaron da hancinsa ke kan hayaƙin tun safe har magariba? Imamu Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya je ganin ɗansa Ibrahim a gidan maƙeri Abu Saif, suka tarar gidan ya cika da hayaƙin zuga, Anas ya yi sauri ya riga shi shiga ya ce a dakata. Ƙauna ce ta sa Anas bai so hayaƙi ya taɓa wanda yake so ba. Ka tambayi kanka, mai shago, ko za ka bar ɗan cikinka a ƙuryar da ka bar almajirinka.

Da ku nake yanzu, masu gida, masu masana'anta, shugabannin ɗakunan gwaji. Ma'aikaci lokacinsa da ƙarfinsa ya sayar maka. Bai sayar maka da huhunsa ba, kuma ko ya so ba shi da ikon sayarwa, domin ba nasa ba ne, ajiyar Allah ce. Kada ka ce ai shi ya yarda. Wanda yunwa ta koro, kuma ba ka gaya masa abin da ke cikin buhun ba, yardarsa ba yarda ba ce. Annabi ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar wa mai shi don ya ɓoye aibi. Ɓoye wa ma'aikaci haɗarin aikinsa ya fi wannan muni. Hadisin Abu Zarri ya gaya mana waɗanda ke ƙarƙashinmu 'yan'uwanmu ne, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Suratuz Zalzala ta rufe da cewa komai ƙanƙantar aiki, alheri ko sharri, mai shi zai gan shi. Fankar da ka ƙi gyarawa don naira kaɗan tana cikin littafinka.

Gyaran ma yana da tsari, kuma mutane sukan fara shi daga wutsiya. Da an ce ƙura sai a ce a sayo takunkumi. Takunkumi shi ne na ƙarshe. Farkon tambaya ita ce, dole ne sai da wannan garin? In ana samunsa a jiƙe, cikin ruwa ko a dame, a saye shi haka, domin abin da ke jiƙe ba ya tashi. In dole sai gari, a buɗe shi a cikin akwati rufaffe mai zuƙe iska, kada a buɗe a kan tebur a fili. A kama hayaƙi a inda yake fita, bakin bututun zuƙa ya kasance kusa da wurin walda ko feshi, ya fitar da shi waje ta matata, ba cikin gidan maƙwabci ba. Fankar sama da ke juya iska a ɗaki rufaffe raba gubar kawai take yi kowa ya samu. Wanda ba shi da kuɗin na'ura, yana da ikon yin walda a fili, ya tsaya iska na kaɗa hayaƙin gefe, ya kawar da kansa daga saman wutar, ya fitar da janareta daga cikin shago. Mai yankan tayil ya sa ruwa a bakin injin. Kada a share garin da tsintsiya a bushe, kada a hure shi da iskar kwamfireso. A goge da jiƙaƙƙen tsumma, a ƙulle tsumman a leda. Wanda ya sayi sinadari daga kamfani ya nemi takardar bayanin haɗarinsa, haƙƙinsa ne, ya sa a karanta wa yara da harshen da suke ji.

Sai a zo kan takunkumi. Hankici da rawani da shuɗin takunkumin asibiti da muka saba da shi lokacin korona ba su tare wannan ƙura. Masu lamba N95 ko FFP3 suna tarewa sosai, har ƙwayoyin nano, amma da sharaɗin su manne da fata, domin iska malalaciya ce, ta gefe take bi in ta sami kafa. A nan akwai maganar da ta shafe mu kai tsaye, ba kuma zan ɓoye ta ba: gemu yana hana irin wannan takunkumi mannewa. Ba na ce kowa ya aske sunnarsa ba. Akwai hular da ke rufe kai duka, mai ɗan inji da ke turo tatacciyar iska, ba ruwanta da gemu, kuma wajibin mai masana'anta ne ya samar da ita ga wanda aikinsa ke bukata. Ga ƙaramin shago da ba ya iya sayenta, wannan ƙarin dalili ne na kashe ƙurar tun daga tushe. Abin da ba ya halatta shi ne mai gemu ya ɗora takunkumi a kan gashi, a gaya masa ya tsira.

Ku kuma ma'aikata, 'yan'uwana, ku bar maganar madara. Na san al'ada ce, in an tashi daga walda ko fenti a sha gwangwani ɗaya a ce ya wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, amma ciki take zuwa, hayaƙi kuwa huhu ya tafi, hanyarsu ba ɗaya ba. Shaƙa ruwa a alwala yana wanke hanci, alhamdu lillahi, amma ba ya isa inda ƙurar ta sauka. Kada ku ci abinci a inda ake aiki, kada ku ajiye kwano a buɗe. Wanda ke shan taba a kan wannan aiki wuta biyu ya haɗa wa ƙirji ɗaya. Idan aka ba ku kayan kariya ku sa, zafi ba hujja ba ne, kuma yi wa mai sawa dariya a ce ya cika tsoro zunubi ne, domin hana alheri ne.

Kayan aiki kuma su kwana a wurin aiki. Mu ba sai an ba mu labarin wata ƙasa a kan wannan ba. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega. Iyayensu ba mugaye ba ne, zinare suke nema. Suna kawo duwatsu gida, a daka, a niƙa a bushe, ƙurar dalma ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka sha magani a hannun likitocin Na-gari Na-kowa, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Waccan dalma ce, ba nano ba, amma hanyar ɗaya ce: uba ya dawo da ƙura a riga da gashi, ya ɗauki jariri, uwar gida ta kakkaɓe rigar kafin ta wanke. Ka yi wanka, ka canza tufa kafin ka shiga gida, kuma kada kayan aikinka su haɗu da na yara a baho ɗaya. Mace mai juna biyu a nisanta ta da irin wannan aiki gaba ɗaya.

Hukuma ma tana da nata kason. A Nijeriya akwai dokar masana'antu da ta wajabta samar da iska da kawar da ƙura da hayaƙi a wurin aiki, akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan uku ke mutuwa duk shekara sanadin aikinsu, kuma mafi yawansu ciwo ne ke kashe su a hankali, ba haɗarin da ake gani ba. Jami'in da aka tura duba masana'anta, ya tsaya a ofishin manaja ya karɓi ambulan ya sa hannu, ya sani shaidar zur ya yi, kuma da hannunsa a duk ƙirjin da ya lalace bayan tafiyarsa. Ƙungiyoyin masu walda da makanikai da masu fenti, da kuke tara kuɗin biki da na jana'iza, ku tara na injin zuƙar hayaƙi da na gwajin huhu ko da sau ɗaya a shekara.

Saura wanda abin ya riga ya taɓa. Idan kana tari fiye da mako biyu, ko numfashinka na yankewa a tafiyar da da kake yi ba wahala, ko kana ramewa, ka je asibiti, kada ka tsaya a kemis. In ka je kada ka jira likita ya tambaye ka, ka gaya masa sana'arka, shekara nawa ka yi a cikinta, da abin da kake shaƙa, domin ciwon ƙura yakan yi kama da tarin fuka a hoton ƙirji, wani lokaci ma su haɗu. Kai kuma mai gida, in yaronka ya fara wannan tari, ba sallama ce haƙƙinsa ba. Kada ka ba shi kuɗin mota ka ce ya je gida ya huta, ka ɗauko wani sabo ka tsayar a gurbinsa. Ka kai shi asibiti da kuɗinka, ka sauya masa aikin da ba ƙura, ka nemi yafewarsa tun yana da numfashin da zai yafe maka, sannan ka gyara ƙuryar nan kafin ka sa ɗan wani a cikinta. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.